Bayan An Raba Satifiket, Ina Yaran Hotoro Za Su Taɓa Kwamfuta?

Akwai wata yarinya a layinmu a Hotoro, 'yar wani maƙwabcina, mai hazaƙa da natsuwa. A wani dogon hutu wata ƙungiya mai zaman kanta ta ɗauke ta tare da wasu 'yan mata, aka ba su horon kwamfuta na mako biyu kyauta. Ranar rufewa aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, aka raba satifiket. Mahaifinta ya kai takardar aka sa mata gilashi, ya rataye ta a falo inda duk baƙon da ya shigo zai gani.

Wata bakwai bayan haka, saura kwana huɗu ta zauna jarrabawar JAMB, sai ga mahaifin ya yi mini sallama bayan sallar Isha'i. Muka gaisa, ya ɗan yi jim, sannan ya ce, "Dakta, alfarma na zo nema. Don Allah ka ba 'yarka aron kwamfutarka ta ɗan motsa hannu. Tun ranar da aka sallame su ba ta ƙara taɓa irinta ba." Washegari ta zo gidana, ta zauna da 'yata a gaban na'urar. Kusan kwata na awa ta yi tana bin kibiyar nan da ke yawo a fuskar kwamfuta, hannunta yana rawa a kan linzami. Ba don ba a koya mata ba ne, an koya mata. Amma abin da hannu bai maimaita ba, mantuwa ce ke gadonsa.

Tun daren nan nake juya maganar a raina. Kano ba ta rasa ƙungiyoyin da ke koyar da fasahar zamani ba, kuma da yawansu aikin kirki suke yi. Abin da muka rasa shi ne inda wanda aka koya wa zai koma ya zauna bayan an naɗe tabarmar horo. Muna ta yaye ɗalibai, ba mu tanadar musu ɗakin da zai kasance a buɗe gobe da jibi ba. A ganina wannan giɓi ba baƙo ne zai cike mana shi ba. Aikin unguwa ne, kuma muna da hanyoyin yinsa da muka gada tun kaka da kakanni.

Abin da ya sa zancen ya wuce na ƙawa

Shekara ashirin da suka wuce, iya kwamfuta ado ne, wanda ya iya ya burge, wanda bai iya ba bai rasa komai ba. Yau ƙofofin rayuwa ne aka mayar cikinta ɗaya bayan ɗaya. Tun 2015 hukumar JAMB ta daina jarrabawar takarda da fensir, ta koma kwamfuta kacokan. Ɗalibi yana da awa biyu ya amsa tambayoyi 180. Duk mintin da ya ɓata yana kokawa da na'ura, daga cikin rabonsa ya fita. A Disambar 2020 gwamnati ta wajabta haɗa layin waya da lambar NIN, daga 2021 kuma babu mai rajistar JAMB sai da ita. A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, mun ga dattijai a Kasuwar 'Yankaba da kuɗinsu a banki amma ba su da na cefane, domin ba su iya tura kuɗi ta waya ba. Neman aikin gwamnati, neman tallafin karatu, rajistar kwasa-kwasai a jami'a, duk ta intanet ake yi.

A ajina na ɗaliban shekarar farko ina ganin sakamakon haka ido da ido. Akwai wanda idan ka tambaye shi adireshin imel ɗinsa sai ya ce bari ya kira mai shagon intanet, domin shi ya buɗe masa, kuma kalmar sirrin tana hannunsa. Ke nan makullin takardun karatun yaron, da lambar shaidarsa, da hotonsa, suna aljihun wani da ba dangin iya ba na baba. Irin wannan ɗalibi yana da wayar zamani, yana Facebook, yana TikTok, amma bai iya rubuta wasiƙar neman aiki ya liƙa mata takardunsa ya aika ba. Riƙe waya daban, iya aiki da na'ura daban.

Bambancin kuwa ba sai an je ƙauye za a gan shi ba. Daga Nassarawa GRA, inda ofisoshi da manyan otal-otal suke, inda kuma ake yawan yin tarurrukan ƙara wa juna sani kan "shigar da kowa duniyar fasaha", zuwa lungunan Hotoro Arewa da Tsamiyar Boka, tafiyar 'yan mintuna ce a adaidaita sahu. A ɓangare ɗaya yaro ɗan firamare yana da kwamfutarsa a ɗaki da wutar sola. A ɗaya ɓangaren gida mai mutum goma sha biyu yana dogara da wayar maigida, ita ma sai ya dawo daga kasuwa da dare.

Yabon gwani ya zama dole

Kafin in faɗi inda aka gaza, adalci ne in ambaci abin da aka yi. Cibiyar CITAD, wadda Malam Y. Z. Ya'u yake jagoranta, ta faro ne a 1996 a matsayin shirin koyar da kwamfuta, tun kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Ta horar da matasa da mata, ta yi magana kan cin zarafin mata a intanet, kuma tana cikin na gaba-gaba wajen kiran a bai wa al'ummomin da kamfanonin sadarwa ba su kai gare su ba damar kafa ƙananan hanyoyin sadarwa nasu na kansu. Ƙungiyar Paradigm Initiative, wadda ta fara da matasan Ajegunle a Legas, ta kawo shirinta na LIFE nan Dakata, a cikin ƙaramar hukumarmu ta Nassarawa, inda aka haɗa wa matasa koyon kwamfuta da dabarun sana'a da na riƙon kuɗi. Ƙungiyar eHealth Africa, da aka kafa a 2009, ta nuna cewa daga Kano ana iya sarrafa bayanai da taswirori na zamani don yaƙi da cuta irin shan inna, kuma ta buɗe makarantar koyar da rubuta manhaja. Startup Kano ta zama matattarar matasa masu son kafa kamfanonin fasaha. A Farm Centre, cibiyar Engausa ta Injiniya Mustapha Habu Ringim ta ɗauki wata hanya da ta cancanci nazari, wato koyar da fasaha da harshen Hausa, har ga waɗanda ba su yi zurfi a boko ba.

A ɓangaren gwamnati ma ba a zauna ba. Hukumar NITDA ta sa burin kashi 95 cikin ɗari na 'yan Najeriya su san aiki da na'urorin zamani kafin 2030, kuma a 2023 ma'aikatar sadarwa ta ƙaddamar da shirin 3MTT don horar da mutum miliyan uku. Duk wanda ya san yadda Kano take a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da aika imel ɗaya sai an yi tattaki an bi layi, ya san an yi nisa.

Inda gizo ke saƙa

Matsalar tana cikin yadda ake auna nasara. Mafi yawan ƙananan ƙungiyoyi da tallafin waje suke aiki, mai ba da tallafi kuwa alƙaluma yake so: mutum nawa aka horar, mata nawa ne a ciki, ga hotuna, ga takardar sa hannu. Wannan abu ne mai sauƙin ƙirgawa. Abin da ke da wuyar ƙirgawa, wanda kuma ba kasafai ake ware masa kuɗi ba, shi ne mutum nawa ne cikinsu ke amfani da abin da suka koya bayan shekara guda. Ba zargin kowa nake yi da rashin gaskiya ba. Tsarin ne ya ginu a kan wa'adi, wa'adi ya cika a rubuta rahoto, a rufe littafi, a nemi wani.

Shi kuwa wanda aka yaye, abu huɗu yake bukata kafin iliminsa ya zauna. Na farko na'ura, kuma ko kwamfuta ta hannu kuɗinta ya haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Na biyu wuta, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kunna janareta ya zama sai mai hali. Na uku data, wadda a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanoni su ƙara kuɗinta da na kira har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Na huɗu, wanda aka fi mantawa da shi, mutum ne da za a tambaya idan an cije. Satifiket ba ya ba da ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

Ba mu ne farkon yin wannan kuskure ba. A 2007 an raba wa 'yan wata firamare a Galadima, kusa da Abuja, ƙananan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin nan na duniya mai taken kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Jaridun duniya suka yi ta yayatawa, amma shirin bai yi saiwa a ƙasar nan ba. Raba na'ura aikin yini ɗaya ne, kula da ita aikin shekaru.

Sannan ga darasin 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, ta kuma rushe hukumar USAID. Ƙungiyoyi da dama a Afirka suka wayi gari babu kuɗin albashi. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala, amma wanda ya fi dacewa a nan shi ne zanen aro ba ya rufe katara.

Abin da Yaƙi da Jahilci ya koya mana

Iyayenmu sun taɓa fuskantar irin wannan. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a birni da ƙauye, kuma Malam Ahmadu Coomassie yana cikin jagororin aikin. Masu tsarin sun gane tun da wuri cewa wanda ya koyi karatu, idan bai sami abin karantawa ba, jahilci zai sake kama shi. Saboda haka aka kafa hukumar NORLA a Zariya, ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha kan noma da lafiya da tarihi da addini, tare da jaridun larduna irin su Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato. Aji yana koyarwa, ɗab'i yana riƙe abin da aka koya. A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda aikinta ya jawo mata lambar yabo daga UNESCO. Mafi yawan waɗannan da Hausa aka yi su, kuma a cikin unguwa, inda mutum zai taka da ƙafa.

Yaƙi da jahilcin wannan zamani yana da azuzuwa, amma ba shi da NORLA ɗinsa. Abin da littafin kwabo ya zame wa ɗan ajin manya a 1955, shi ne ɗakin kwamfuta na unguwa zai zame wa 'yar maƙwabcina a yau.

A jihar Kerala ta Indiya an gwada makamancin haka. A 2002 aka fara shirin Akshaya a gundumar Malappuram, da nufin a kowane gida a sami aƙalla mutum ɗaya da ya iya kwamfuta. Cibiyoyin ƙanana ne, kusa da gidaje, 'yan yankin ne ke tafiyar da su, kuma bayan koyarwa suka zama wuraren biyan kuɗaɗe da neman takardun hukuma. Wannan ne ya ba su abin riƙe kai bayan zangon horo ya wuce.

Ɗaki ɗaya a kowace mazaɓa

Ƙaramar hukumar Nassarawa tana da mazaɓu 11, ciki har da Hotoro Arewa da Hotoro Kudu da Giginyu da Kawaji da Dakata. Shawarata ita ce a fara da ɗaki ɗaya a kowace mazaɓa. Ba wani katafaren gini ba. Ɗaki mai kwamfuta goma ko sha biyar, da faifan sola da batir, da intanet, da firinta, da mutum biyu masu kula, namiji da mace, waɗanda ake biya a ƙarshen wata.

Ginin ma akwai shi. Kusan babu lungun da babu Islamiyya a Hotoro, kuma yawancinsu akwai sa'o'in da azuzuwansu ke zama babu kowa. Islamiyya tana da abin da ofishin ƙungiya ba shi da shi, wato amincewar iyaye. Magidancin da ba zai bar matarsa ko 'yarsa ta je shagon intanet ta cakuɗa da samari ba, zai bar ta ta je makarantar da take zuwa dama, a lokacin da aka keɓe wa mata, a hannun malama mace. Duk shirin da bai yi la'akari da wannan ba, rabin al'umma ya bari a baya. Matan nan kuwa ba baƙin fasaha ba ne. Daga cikin ɗakunansu suke sayar da atamfa da turaren wuta da kayan kicin ta WhatsApp, wasu suna rubuta littattafai suna sayarwa ta waya. Abin da suke bukata shi ne lissafin ciniki, da kare asusunsu daga 'yan damfara, da sanin inda za su kai ƙara idan an cuce su.

Kuɗin fa? Nan ne nake kira ga masu hali. Al'adar wakafi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kowa ya san labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina, kuma Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Attajiran unguwarmu suna gina masallatai suna haƙa rijiyoyin burtsatse, Allah Ya saka musu. Amma akwai layin da masallatai uku ke kallon juna, alhali babu inda ɗan talaka zai zauna ya gwada jarrabawa kafin ranarta. Da mai hali zai tsayar da shago biyu a bakin titin Maiduguri ya ce kuɗin hayarsu na ɗakin kwamfutar unguwa ne har abada, da an gama da zancen albashi da data da gyara. Ilimi mai amfani yana cikin sadakar da ladanta ba ya yankewa, malamanmu sun fi ni sanin haka, kuma ina roƙonsu su faɗa a kan mumbari.

Ɗakin kuma ya nemi wani abu da kansa. A karɓi kuɗi kaɗan na buga takardu da cike fom daga mai iya biya, ɗalibai da marayu su shiga kyauta. Kwamitin unguwa, da mai unguwa da limami da wakiliyar mata da wakilin matasa, su riƙe asusu, a manna lissafin shiga da fita a bango duk wata. Mun ga yadda ƙungiyoyin taimakon kai da kai ke haɗa kuɗi su gyara taransifoma ko su yashe kwata. Wanda ya iya wancan zai iya wannan.

Su kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu, a nan ne gwanintarsu za ta fi amfani. Su horar da masu kula da ɗakunan, su tsara darussa, su koyar da gyara, su riƙa zagayowa. Idan za su nemi tallafi, su sa kuɗin bibiya a ciki, su kuma gaya wa jama'a gaskiya: cikin waɗanda muka horar bara, ga adadin da ke aiki da abin da suka koya. Asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta tanada domin kai sadarwa ga waɗanda aka bari a baya, irin wannan wuri ya kamata ya sa hannu. Mu ma na jami'a da laifinmu. Ɗalibanmu na kimiyyar kwamfuta suna yawon neman inda za su yi aikin sanin makama na wata shida, ga unguwanninsu na bukatarsu.

Koyarwar kuma ta kasance da Hausa. Ba ina cewa a yar da Turanci ba, domin mai son zurfafawa dole ya neme shi. Amma kada a haɗa wa mai koyo kaya biyu a lokaci guda, baƙuwar na'ura da baƙon harshe. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, Facebook ma ya bi baya a 2016, ga matasanmu suna ta rubuce-rubuce a Wikipedia ta Hausa. Harshen da ya ɗauki fiƙihu da nahawu da lissafin gado ba zai gaza ɗaukar bayanin yadda ake adana fayil ba.

Tsoron iyaye

Na san wani zai ce intanet ɗin nan ita ce ke lalata tarbiyya, don me za a kawo ta Islamiyya? Tsoron yana da tushe, ni ma uba ne. Sai dai intanet ta riga ta shigo gidajenmu, tana ƙarƙashin filon yaranmu da tsakar dare, inda babu mai ganin abin da suke kallo. Ɗakin unguwa fuskokin na'urorinsa a fili suke, ga malami yana kai-kawo, ana iya toshe shafukan banza. A can ne yaro zai fara ganin cewa na'urar nan kayan aiki ce. Hana yaro sanin ruwa ba ya hana damina zuwa.

Wani kuma zai ce kayan za su lalace, ko a sace, ko kwamiti ya cinye. Zai iya faruwa, kuma a wani wuri sai ya faru. Shi ya sa na ce a fara da kaɗan, a bayyana lissafi, a sa kuɗin gyara tun ranar farko. Kasuwar waya ta Farm Centre cike take da matasa masu gyara da hannunsu ya faɗa. Abin da unguwa ta sa guminta a ciki ta fi tsaronsa fiye da abin da aka sauke mata daga mota aka ɗauki hoto aka tafi.

'Yar maƙwabcina ta yi kwana uku tana zuwa gidana, ta zauna jarrabawarta, kuma Allah Ya ba ta sa'a. Amma ta samu ne domin mahaifinta yana da maƙwabci mai kwamfuta, kuma bai ji nauyin yin sallama ba. A bayan layinmu akwai ɗaruruwan irinta da ba su da wanda za su ƙwanƙwasa wa ƙofa. Wata rajistar JAMB tana tafe. Ina kira ga masu unguwannin Hotoro, da limamanmu, da shugabannin Islamiyyu, da 'yan kasuwarmu, da ƙungiyoyin da ke wannan aiki, a zauna a fitar da ɗaki ɗaya kafin lokacin. Ni dai na ɗauki alkawarin yammacin kowace Asabar, in zo in koyar kyauta. Allah Ya ba mu ikon cikawa.